Waƙar Maraba ta Baba Cornelius

Duk wanda ya taɓa zama a ƙauyenmu, can bayan Barrackpore inda kwalta ta gaji ta koma laka, ya san Baba Cornelius Jagroop ko da bai taɓa ganin fuskarsa ba, don muryarsa kan riga shi isa wuri. Mutum ne ɗan firit, ƙafafu kamar na balbela, amma in ya buɗe baki sai ka rantse a cikin randa yake magana. Saran rake ya yi tun yana yaro har ranar da aka daina yin sukari aka ce kowa ya kama gabansa. Daga nan ya koma noman kabewa da kiwon agwagi, agwagin da suka fi shi ƙiba, suka kuma raina shi. 'Ya'yansa suna Kanada, suna ta aiko wa tsoho rigunan sanyi a ƙasar da ko ƙarfe gumi yake yi. Matarsa Rookmin ta rasu. In ka cire agwagin, abin da ya rage masa a duniya waƙa ɗaya ce.

Cocinmu na Presbyterian ɗan ƙarami ne, na katako, jingine da makarantar firamare. Har yau akan rera bhajan a cikinsa, waƙoƙin yabo da harshen kakannin da jirgi ya kwaso daga Indiya. Rerawa kawai ake yi. Harshen ya bi masu shi kabari, ya bar mana sunayen abinci da na dangi. To, a cikin waƙoƙin nan akwai wadda ba ta cikin littafi, a kan Baba Cornelius kaɗai take zaune, ita ce waƙar maraba. Wajen Nani ya ɗauke ta, kakarsa ta wajen uwa, wadda kan ɗaga murya da ita duk lokacin da manyan baƙin biki suka doso ƙofar gida. Nani kuwa tun da aka yi mata baftisma ba ta taɓa fashin sujada ba, saboda haka a ganinsa duk abin da ya fito daga bakinta tsarkakakke ne. Sau ɗaya ya tambaye ta ma'anarta. Ta ce ta tarbar baƙi ce, ta ƙwale masa kai da ludayi. A kan wannan ludayin ya gina fassararsa gaba ɗaya.

"Cewa take," haka yake gaya wa jama'a, hannu a ƙirji, "ga bayin Ubangiji sun iso da yunwar adalci. Ku buɗe ƙofa, ku shimfiɗa tabarma."

Da ita ya tarbi kowane sabon Rabaran da aka taɓa turo mana. Shaidarsa ta cewa waƙar tana da iko kuwa ita ce Rookmin. Ita daga gidan Hindu aka auro ta, gidan da ke riƙe da al'adun kakanni, kuma yayyensa mata sun daɗe suna yi mata kallon hadarin kaji a kan haka. Amma da zarar ya ɗauki waƙar sai Rookmin ta ja mayafi ta rufe fuska, kafaɗunta na rawa, hawaye na zuba.

"Kun gani?" in ji shi. "Ruhu ne yake taɓa ta. Ku da aka haifa a coci ko gezau."

Da ciwo ya kwantar da ita, abu ɗaya ta roƙe shi. Ta ce ranar da za a binne ta ya rera mata waƙar maraba, da ƙarfi, kuma ya juya ya fuskanci 'yan'uwansa. Ya yi yadda ta ce. Har babbar yayarsa, Beulah, sai da ta share ido.

Sai ga shi Rabaran Dyal ya tsufa ya ajiye aiki. Muka yi watanni ba makiyayi. Wanda bai taɓa ganin ikilisiya ba Rabaran ba bai ga abin kallo ba. Mai kawo furanni ta daina gaisawa da mai sharar bagade. Aka yi zama a kan fentin ƙofa har wani ya ce zai koma cocin da ke buga ganga a bakin titi. Kowa ya zama mai wa'azi, har da mai gyaran taya, wanda ya tsayar da mu cikin cikin kifin Yunusa har tuwon wasu ya ƙone a gida. Wadda ta riƙe ragamar ita ce Ticha Merle Sookhai, shugabar dattawan coci, tsohuwar hedimasta, mace mai kallonka ta saman tabarau har ka tuna laifin da ka yi kana aji biyu.

Da babbar majalisar coci ta sanar cewa Rabaran Naomi Bissoon za a turo, Ticha Merle ta tsara ranar tarba: kowace ƙungiya ta tashi ta gabatar da kanta, baƙuwa ta san wa ta samu. Ta tare Baba Cornelius a bakin famfo.

"Baba, bana a huta da waƙar nan. Yarinya ce 'yar zamani, daga birni. Yara za su yi mata ta Turanci."

"A huta? Merle, da waƙar nan na tarbi wanda ya yi miki baftisma kina tsala ihu kina yi masa fitsari a hannun riga."

"Baba, a gaban mutane?"

"Su ma suna wurin. In kin cire ta, ki cire ni, ki haɗa da kujerata."

Ta gyara tabarau ta ce to, amma baiti uku kawai.

Ranar ta zo, coci ya cika har taga. A waje an kafa rumfa, mata sun tashi tun asuba suna murza roti, gurasar nan tamu ta gado, ƙamshin miyar kabewa da mangwaro mai yaji yana shigowa yana hana mutane sauraron addu'a. Rabaran Naomi doguwa ce, mai sanyin murya. Kusa da ita a layin gaba ga wata tsohuwa dunƙule cikin farin mayafi, ƙafarta ba ta ko taɓa ƙasa. Aka ce mahaifiyarta ce, Ma Kowsil, haifaffiyar ƙasar Suriname. Babu wanda ya tsaya ya yi tunanin cewa a can har gobe da harshen kakanni ake cinikin kifi.

Zumuntar mata ta tashi ta faɗi ayyukanta. Malaman makaranta suka tashi. Mai gyaran taya ya tashi aka zaunar da shi. Sannan Baba Cornelius ya fito cikin kwat ɗin aurensa, ya yi fassararsa ta yunwar adalci, ya lumshe ido, ya ɗauka.

A baitin farko tsohuwar nan ta ɗago kai kamar an kira sunanta. A na biyu bakinta ya buɗe, ta dafe ƙirji. Shi kuwa da ya saci kallo ya gani sai ya ƙara murya, a ransa yana cewa Ruhu ya sake kama wata. A na uku Ma Kowsil ta fashe da wata irin dariya, tana bugun cinya, har mayafi ya zame.

"Wayyo cikina! Naomi, kin ji? Kin ji abin da yake ce mana?"

"Ma, don Allah," in ji Rabaran, kanta a ƙasa. "Ma, a coci muke."

"Ai shi ne abin mamakin! A coci!"

Waƙa ta tsinke a maƙogwaron Baba Cornelius. Ticha Merle ta miƙe a hankali.

"Inna, ko za ki gaya mana abin dariyar?"

"'Yata, da gaske ba ku sani ba?" Tsohuwa ta dube mu ɗaya bayan ɗaya, dariyar ta fara gudu daga fuskarta. "Babu ko mutum ɗaya?"

Babu.

Rabaran ta kama hannunta, amma Ma Kowsil ba irin tsofaffin da ake riƙewa ba ce. Ta share ido da bakin mayafi ta ce, "Cewa yake: ga mayunwata nan sun iso, ku ɓoye tukwane kada su lashe har gindi. Ubansu wandonsa ya jinginar ya hau amalanke. Uwarsu kuwa..." Ta dubi gicciye, ta dubi 'yarta. "Uwarsu ta bi mai sayar da man kwakwa, har yau ana cigiya. Uwar kuwa ni ce. Ga ni an gan ni."

Wata mata ta ce "Yesu!" ta toshe kunnen jikarta. Mai kaɗa molo ya saki abin kiɗansa ya faɗi. Ticha Merle ta buɗe baki ta rufe, ta sake buɗewa, karo na farko a tarihin ƙauyen nan da aka ga ta rasa kalma. Kowa lissafi yake a zuci: Rabaran nawa aka tarba da wannan? Har babban baƙo daga Kanada an taɓa tsayarwa a ƙofar nan, yana murmushi yana gyaɗa kai, ana ce masa ubansa ba wando.

Baba Cornelius bai yi wannan lissafin ba. Akwatin gawa ɗaya kawai ya gani, da furanni a kai, da kansa tsaye yana ɗaga murya. Ya juya ya fita ta ƙofar gefe, ƙafafun nan na balbela suna harɗewa.

Bayan tankin ruwa ya zauna a kan bulo. Ta tagar ɗakin dattawa yana jin muryar Ticha Merle ta dawo da ƙarfinta: abin kunya, a gaban baƙi, ba za a sake ba. Bai damu ba. Da za su zo su ce ya kwashe kujerarsa ma da ya gode musu.

Can sai ga Ma Kowsil tana takowa, riƙe da faffaɗan ganyen da muke zuba abinci a kai, cike da roti da kabewa. Ta zauna kusa da shi ba tare da an ce ta zauna ba.

"Ci, ɗan'uwa. Mayunwatan sun rage maka."

"Ki bar ni, baiwar Allah. Kin kashe ni a gaban jama'a."

"Ni? Kai da ka aurar da ni ga mai man kwakwa?" Ta tura masa ganyen. "Wa ya koya maka?"

"Nani."

"Ta iya waƙa. Gali ake ce mata. Mata ke yi wa dangin ango ranar da suka zo ɗaukar amarya. Ba a yi wa bare, ka ji? Wanda za a haɗa jini da shi ake yi wa. In ka je gidan surukai ba a zage ka ba, to ba su karɓe ka ba."

"A kan gawar matata na rera ta." Muryarsa ta zama 'yar ƙarama. "A kan Rookmin. Da wannan ƙazantar na raka ta."

Tsohuwa ta daina tauna. "Wa ya sa ka?"

"Ita ta roƙa. Tana son waƙar. Duk ran da na rera sai ta rufe fuska tana kuka."

"'Yar wane gida ce?"

"Gidan Hindu. Kakarta ta rene ta, tsohuwar da ko gaisuwa ba ta iya da Turanci ba."

Ma Kowsil ta ƙura masa ido. Sannan ta ja farin mayafinta ta rufe fuska, ta fara rawar kafaɗa. Ta leƙo da ido ɗaya.

"Haka take kukan?"

Baba Cornelius ya miƙe tsaye, ya koma ya zauna. Ya dafe kai da hannu biyu.

"Rookmin!" ya ce, kamar tana bayan tankin. "Ke Rookmin! Duk shekarun nan?"

"Me ya sa za ta gaya maka? Ta rasa abin dariyarta?"

Ya tuna yadda Rookmin takan guge masa kwat da kanta duk ranar tarba, tana cewa kada ya yi ƙasa da murya a wajen baiti na uku. Wani abu ya taso masa daga ciki, shi kansa bai san ko kuka ba ne ko dariya, sai da ya fito ya ji duka biyun ne.

Da aka taru a rumfa, Ticha Merle ta buga cokali a kofi ta sanar da hukunci: daga yau ba za a ƙara rera waccan waƙa a cikin ɗakin sujada ba. Ta ba Rabaran haƙuri da sunan ikilisiya.

"Na yarda," in ji Rabaran Naomi. "A cikin ɗakin sujada, a'a." Ta dubi rufin tamfol. "Amma nan ai tsakar gida ne, ko? Kuma mahaifiyata ta ce an zage mu ba mu rama ba. A wajenmu wannan rashin ladabi ne."

Kafin Ticha Merle ta gyara tabarau, Ma Kowsil ta riga ta miƙe, hannu a ƙugu, ta saki murya siririya mai kaifi, tana rerawa tana fassarawa: mun zo garin da kwaɗi ke limanci, rotinsu sai da gatari, mazansu agwagi ke ba su umarni. Ta nuna Baba Cornelius da haɓa. Shi kuwa ya ajiye ganyensa, ya gyara kwat, ya mayar mata da baiti na huɗu, wanda Ticha Merle ta hana. Abin da ke cikin wannan baitin, Ma Kowsil ta ce ko a tsakar gida ba za ta fassara ba.

Tun daga ranar a bakin ƙofar coci yake rera ta, daga waje, kuma ya daina dafa ƙirji yana fassara. Sai dai kafin a watse a wannan yinin, yayarsa Beulah, wadda kunnenta ya yi nauyi amma kanta bai yi ba, ta jawo shi da ƙugiyar sandarta.

"Kai Cornelius. Ranar jana'izar Rookmin, da kake waƙar nan, wajen wa ka juya?"

Baba Cornelius ya yago roti mai faɗin tafin hannu, ya cusa a baki gaba ɗaya, ya nuna mata da yatsa cewa ba a magana ana cin abinci.