Dabinon Gidan Saje Bappa

Jama'a, wallahi wannan da idona na gan shi a Pantami, shekarun da kuɗin mai ya shigo, ina tuƙa tifar yashi a Gombe.

Lokacin yaƙin basasa ni ne direban wani Saje Bappa, mutum ne marar imani, Allah na gani ban taɓa ƙaunarsa ba. Ƙauyukan da muka kama a kudu, mayaƙansu da rana manoma ne, da mun juya su binne mana nakiya a hanya. To dabarar Saje ita ce a jera maza a tuɓe musu riga, duk mai kanta a kafaɗa wai ɗaukar bindiga ce, a zagaya da shi bayan gari.

Wani dattijo ya yi ta roƙo, tafinta ya ce wai igiyar hawan kwakwar manja ce ta yi masa kanta. Mu 'yan arewa ina muka san wannan? Saje ya ce, "To hau mu gani." Bawan Allah ya hau yana murna zai tsira, sai da ya kai ƙololuwa Saje ya harbo shi, yana dariya har da dafa mota.

Bayan shekaru Saje ya aiko in zo gidansa da gatari. Na iske shi da azahar a tsakar gida, ƙafarsa guda nakiya ta cinye, duk itatuwan gidan an sare sai dabino ɗaya.

Ya ce, "Direba, don Allah saurara, kana ji?"

Ba iska ko kaɗan, amma dabinon nan girgiza yake, ana jin jan igiya, ƙyas, ƙyas, ɓawo na zubowa, kuma ba kowa a kai. Can ƙarar ta tsaya, sai ta juyo ƙasa.

Saje ya riƙe min riga yana kuka. "Kullum hawa yake yi, bai taɓa saukowa ba sai yau!"

Innalillahi! Na fizge, na yar da gatarin, ban tsaya ba sai bakin titi.

Da la'asar matarsa ta dawo daga unguwa ta same shi can saman dabinon, ya ƙanƙame shi, ba rai. Mai ƙafa ɗaya fa! Sai da aka sare itacen kafin a yi masa sutura.

Har gobe ban san me ya kai shi ba. Ni dai shawarata, in Allah ya ba ka iko a kan mutum yana roƙonka, ka saurare shi.