Neman Tsiro a Gidajen Giyar Faransa

Asabar da Lahadi: Damagaram zuwa Yamai

Ƙarfe huɗu da rabi na asuba motarmu ta bar tashar Damagaram. Tafiyar saboda Yaya Laminu ce, yayana uwa ɗaya uba ɗaya, wanda ya shekara ashirin da shida a Faransa. Matarsa Zainabu ce ta kira ni, ta ce ciwon daji ya kama shi, maganin da ake ƙara masa kuma ya kashe masa baki, sati uku ke nan ba ya cin abin kirki. Likita ya ce in Juma'a mai zuwa ta yi bai fara ci ba, za a kwantar da shi a zura masa tiyo ta hanci. Na ce a ba shi wayar. Da ƙyar nake jin muryarsa.

"Hadiza, in za ki taho, kunun zaƙin Inna nake so."

Innarmu ta shekara talatin tana sayar da kunun zaƙi a ƙofar gidanmu a Birni, ba ta taɓa sa masa sukari ba. Tsiro take sawa, wato jar dawar da aka jiƙa ta tsira aka shanya, shi ke tsinka kunu ya ba shi zaƙi. Da ta rasu shekara shida da suka wuce, Yaya bai samu zuwa ba. Ni da nake zuwa sarin kaya Faransa bizata na da sauran rai, sai na haɗa surfaffen gero tiya biyu, citta, kanumfari da tsiro. Gaggawa ta sa wuni ɗaya kawai na shanya tsiron, na ƙulle shi a leda biyu ina yaba wa kaina wayo.

Mun yi karin kumallo a Maraɗi, azahar a Ƙonni. A shingen Dogon Dutsi jandarma ya duba fasfona ya ga biza ya ce, "Hajiya, a gai da Turawa." Kilomita kusan ɗari tara, mun shiga Yamai bakwai da kwata na yamma, bayana kamar ba nawa ba. Na kwana gidan ƙawata, Lahadi na hau jirgi.

Litinin: Montreuil

Shida da minti goma na safe muka sauka Paris. Alhaji Abakar, mutumin Chadi mai motar raba kaya, wanda nake sauka gidansa duk zuwa, shi ya ɗauke ni zuwa Montreuil, a gefen Paris. Bayan gaisuwa da shayi na buɗe jaka. Tsiron nan ya yi fumfuna kore shar, ko akuya ba za ta kalle shi ba. Na zauna a ƙasa na yi kuka. Geron da na kawo surfaffe ne, ba ya tsira, in ma na samu wani, jiƙo da tsira da shanya a wannan sanyi sai an wuce Juma'a.

Alhaji ya ce, "Hajiya, kar ki ji haushina. Akwai inda tsiro yake buhu-buhu, nan bayan layinmu. Ina kai musu kwalabe."

"Ina ne?"

"Brasserie ne. Ƙaramin gidan da ake dafa giya."

Na yi salati na ce, "Alhaji, da hijabina? Da hajjina biyu?"

"Hatsi za ki saya, ba kwalba ba. Hatsi bai yi laihin komi ba."

Ƙarfe uku muka tafi a ƙasa, tafiyar minti takwas. Ina tafe ina waige, don gidan ma'aikata baƙi, inda mutanen ƙasarmu ke zama, na kan hanyar, kuma na san in mutum ɗaya ya gan ni, kafin la'asar labari ya isa kasuwar Dole a Damagaram. Wurin tsohon garejin mota ne, manyan tukwanen ƙarfe huɗu a tsaye suna ƙyalli, ƙasa a wanke tas. Ina sa ƙafa na tsaya cak. Ƙamshin da ya tare ni na tsakar gidanmu ne da yamma, lokacin da Inna ke zuba tsiro a ƙullu mai ɗumi. Kewarta ta kama ni har na dafa bango.

Mai wurin wani saurayi ne mai gemun da ya fi na limaminmu. Da faransancina na kasuwa na yi masa bayani, ya yi murna ƙwarai, ya buɗe mana buhu biyar na tsiron sha'ir, daga fari fat har baƙi. Na nuna wani ja mai duhu, don shi ne kalar tsiron dawarmu. Ya fara wani dogon zance, na katse shi. Ni za a koya wa tsiro? Ya ɗaga kafaɗa ya auna mini kilo ɗaya, Yuro uku.

Tun safe na jiƙa gero. Da yamma na markaɗa, na dama, na zuba tsiron, na rufe.

Talata: Paris zuwa Lyon

Da safe na buɗe roba. Kunun nan yana nan daskare yadda na bar shi, ga ɗaci kamar kofi. Alhaji ya ɗanɗana ya ce, "Ba laihi," amma na ga yadda ya haɗiye shi. Rabin gerona ya tafi a banza.

Sha biyu saura minti biyu jirgin ƙasa mai gudu ya tashi daga tashar Gare de Lyon ta Paris, tikiti Yuro sittin da biyar. Kilomita fiye da ɗari huɗu cikin awa biyu, ni da na saba da hanyar Ƙonni har na ji kamar an cuce ni. Zainabu ta tarbe ni a tashar Part-Dieu ta Lyon. Ƴar Garwa ce ta Kamaru, muna wasa da ita, ina ce mata matata, amma ranar babu wanda ya iya wasa. Taram, ƙaramin jirgin ƙasa na cikin gari, ya kai mu unguwar Minguettes a Vénissieux, bene hawa na sha ɗaya.

Yaya na kishingiɗe a kujera an lulluɓa masa bargo. Mutumin da ke ɗaga ni da hannu ɗaya ina yarinya, yau agogo na yawo a hannunsa. Muka gaisa, ya tambayi mutanen gida ɗaya bayan ɗaya, har waɗanda suka daɗe da rasuwa. Sannan ya kalli jakata.

"Kin zo da shi?"

"Sai jibi, Yaya. Ka san kunun Inna ba ya son gaggawa."

Ya gyaɗa kai ya juya fuska wajen taga. Na ji kunya irin wadda ban taɓa ji ba.

Laraba: Lyon

A kicin na faɗa wa Zainabu gaskiya. Ta ce akwai irin gidan giyar nan na Montreuil a hanyar taram, kusa da sito inda Yaya ke aiki kafin ya kwanta. Tara da rabi muka fita, minti ashirin da biyar muka sauka. Wannan karon ban waiga ba, wanda zai gani ya gani.

Mace ce mai gidan, sa'ata, da takalmin roba har gwiwa, tana juya wata babbar tukunya da muciyar da ta kai tsawona. Na nuna mata ragowar tsiron Montreuil. Ta tauna ƙwaya ɗaya ta yi dariya.

"Madam, wannan gasasshe ne, wuta ta kashe shi. Don kala muke sa shi. Farin shi ne mai rai, shi ke juya hatsi ya koma zaƙi."

Ashe abin da mai gemu ke son faɗa mini ke nan na hana shi. Ta ce kuma sai an kula da zafi, in ya yi yawa tsiro ya mutu, in ya yi kaɗan ya yi barci. Ta tambaye ni da me nake aunawa. Na ɗaga mata ɗan yatsana. Ta ɗebo ruwan zafi a bokiti tana surkawa, ni ina tsoma yatsa yadda Inna ta koya mini: in ka iya ƙirga uku kafin ka cire, ya yi. Da na ce ya yi, ta sa ma'aunin zafinta, ta duba, ta kira abokin aikinta ya zo ya gani. Digiri sittin da huɗu, daidai inda suke so. Ta ce wa ya koya mini, na ce uwata. Ta ce tata kakar ce ta koya mata.

Ta nuna mini ruwan da ke cikin tukunyar, ta ce har yanzu ruwan hatsi ne mai zaƙi, sai an sa masa yis ya yi kwanaki yake zama giya. Ta miƙo mini a kofi. Na shinshina na mayar mata, na ce a nan hanyarmu ta rabu. Ba ta ji haushi ba. Ta niƙa mini kilo biyu na farin, ta ƙi karɓar ko sisi, ta ce a gai da maras lafiya.

Da la'asar na dama ragowar gerona, na tsoma yatsa, na zuba tsiro da bismilla.

Alhamis: Minguettes

Bayan sallar asuba na buɗe. Ya tsinke, ya kwanta, ƙamshi ya cika kicin. Na tace na ɗanɗana. Ba na Inna ba ne sak, sha'ir ba dawa ba ce, amma ɗan'uwansa ne na kusa.

Yaya ya karɓi kofin da hannu biyu, bai sha ba, ya daɗe yana shaƙa. Sai ya ce, "Ina kika samo tsiro a garin nan?"

Na kalli Zainabu, ta kalli ƙasa. Na faɗa masa, ina jiran faɗa.

"Mai koren ƙyaure, kusa da wurin aikinmu?"

"Shi."

Hawaye suka zubo masa. Ya ce, "Hadiza, shekara biyar ina sauka taram tasha guda kafin tawa, don in bi ta ƙohwar gidan nan. In tsaya kamar ina ɗaure takalmi, in shaƙa, in wuce ina istigfari. Na ɗauka Shaiɗan ne ke ja na wajen giya. Ko Zainabu ban taɓa gaya ma ba."

Na ce, "Ba giya ba ce, Yaya. Tsiro ne a ruwan ɗumi. Inna kake ji."

Ya kafa kai ya sha rabin kofi, ya huta, ya shanye. Da azahar ya nemi ƙari, da yamma ya haɗa da ɗan burodi. Ranar Juma'a likita ya ce a ɗaga maganar tiyo tukuna.

Komawa gida

Kwana tara na ƙara, na koya wa Zainabu aunin yatsa har ta ƙone sau biyu. Ranar da zan tafi Yaya ya rako ni har bakin lifta da ƙafarsa, ya ce, "Ki jiƙa jar dawa, ki shanya ta da kyau wannan karon. Da na samu ƙarhi ina tahe, a tsakar gidan Inna zan sha."

Lyon zuwa Paris awa biyu, kwana ɗaya a Montreuil, jirgi zuwa Yamai, mota zuwa Damagaram, na shiga gida takwas saura kwata bayan isha'i. Na gode wa Allah da ya kai ni ya dawo da ni. Na gode wa Alhaji Abakar da Zainabu, da mai gemun da na ƙi saurara, da matar nan mai takalmin roba. Duk wanda neman tsiro ya kai shi can, ya je gidajen nan biyu, ya nemi fari, kuma ya bari a gama yi masa bayani.

Washegarin dawowata na jiƙa dawar. Da ta tsira, kwana biyar na shanya ta a rufin ɗaki har tana ƙara a hannu, na zuba a tulun Inna na rufe. Wata huɗu bayan nan Zainabu ta kira ni da hantsi, kafin ta yi magana na gane Yaya ya rasu. A can aka binne shi. Ta ce har ranar ƙarshe kunun ne abincinsa.

Tsiron yana nan a tulu, ya bushe sarai, babu fumfuna ko ɗigo. Wani lokaci nakan buɗe in shaƙa in mayar da murfin.