Sunan da Ƙwarƙwata Ta Ja Mini

Har yau in na ji warin kananzir, sai in ji kamar an matse ni tsakanin gwiwoyi biyu. Gwiwoyin kakata ke nan. A ƙauyenmu da ke bayan Roni, da damina ta kankama sai ƙwarƙwata ta cika kawunan yara, ni kuwa ga yawan gashi. Kaka takan tsefe kitson, ta shafa kananzir, ta bi ƙwayayen ɗaya bayan ɗaya tana fasawa da farce. In na motsa ta ƙara matsewa. Ina jiyo ƙawayena suna gaɗa a waje, ni ina kallon ƙasa.

Ina aji huɗu a firamare, wata rana ƙwarƙwata guda ɗaya ta faɗo kan littafina, malamin Turanci na tsaye a kaina. Bai dake ni ba. Da ma dukan ya yi. Allo ya koma, ya mai da ni darasi. Ya ce a Turanci ɗaya laus ce, in sun yi yawa lais, kuma tsohuwar kalma ce, tun kakannin Turawa ake faɗinta. Daga ita aka ciro lauzi, wato mai ƙwarƙwata, daga baya ya zama sunan duk abin banza. Ya sa aji suka maimaita sau uku.

Kafin a tashi na zama Lauzi.

Na roƙi babana ya cire ni, ya ce babu wata makaranta kusa, dole in gama. Sai na kai wa Kaka kukana. Ta saurara har ƙarshe.

"Ashe Turawan ma suna yin ta?" ta ce. "To, da me suka fi ki? Sunkuyo."

Kafin girbin gero ta gama da ƙwarƙwatar kaf. Sunan ne ya gagare ta.

Yanzu kwalbar magani ɗaya daga kemis ta isa, 'ya'yana wanke kai biyu suke yi a wuce wurin. Amma kwanan nan a kasuwar Kazaure wata tsohuwar 'yar ajinmu ta hango ni, ta ɗaga murya cike da murna: "Lauzi! Ke ce?" Na tabbata ta manta ma'anarsa. Autata na riƙe da hannuna, tana kallona.

Na juya na amsa.