Yaya Habu da Aurakin Tanko

Shekara talatin ke nan cif da muka kai Yaya Habu makwancinsa a Dawakin Tofa. Ni ƙanensa ne, uwa ɗaya uba ɗaya, tela, kuma yanzu idona ba ya ganin kafar allura. Jikokinsa sun roƙe ni in rubuta wani abu a kansa. Na san so suke in yi maganar haƙurinsa. Amma duk lokacin da na tuna shi, ranar da haƙurin ya ƙare ce take fara zuwa mini.

Malamin dabbobi ne na En'e a zamanin Turawa. Da kekensa yake zaga ƙauyuka, har Rimin Gado da Kunci, yana yi wa shanu allurar rigakafi. Aikin da aka ɗauke shi ke nan. Sai dai ƙasarmu ta jakuna ce. Gona na jikin gona, babu saura, kuma jaki ne yake kai itace birni ya dawo da taki a mangala. Saboda haka da rani ƙofar gidanmu ba ta rabuwa da jaki mai ciwo. Keken ɗinkina a zaure yake, komai a gabana ake yi.

Wata safiya Tanko, wani maƙwabcinmu mai fataucin itace, ya jawo aurakinsa, farin jaki mai tsayi, yana tafiya yana karkacewa. Da Yaya ya ɗaga akumari sai wari ya cika zauren. Gyambo ne a gadon baya kamar faɗin tafin hannu, tsutsa na motsi a ciki. Ya sa aka kawo ruwan ɗumi da gishiri, ya tsince tsutsar ɗaya bayan ɗaya, ya shafa maganin shuɗin nan. Jakin na rawar jiki, shi kuwa yana shafa masa wuya.

Ya ce, "Tanko, kada a ɗora masa ko kara sai fata ta rufe. Ka ɗaure shi a inuwa, ka ba shi harawa da dusa. Ni zan riƙa zuwa ina wankewa."

Tanko ya ce, "To, Malam. Allah ya saka."

Da a ce Tanko talaka ne mai jaki ɗaya, da ban rubuta wannan ba, don yunwa ba ta jiran gyambo ya warke. Jakunansa huɗu. Kawai aurakin ya fi sauran ɗaukar kaya.

Yaya ya cika alkawarinsa. Kullum kafin ya hau keke sai ya biya gidan, har ciwon ya fara jan baki, nama mai kyau ya fito. Ina tuna yadda ya shigo yana murmushi ya ce mini auraki ya yi kuka yau. Sai aka tura shi Kunci, cuta ta ɓulla a wani garke. Ranar da ya tafi, da idona na ga aurakin ya wuce ta ƙofar zaure da itace har bisa kunnuwa. Na yi wa Tanko magana, ya ce ai ya warke.

Da Yaya ya dawo, jakin na kwance bayan danga cikin rana, wuya ya sandare, haƙora sun ɗafe, ba ya iya shan ruwa. Yaya ya durƙusa yana ɗiga masa ruwa ta gefen baki da tsumma, ruwan na zubowa. Kafin la'asar ya mutu.

Tanko ya ce, "Kwanansa ne ya ƙare, Malam."

Ban taɓa jin muryar Yaya haka ba, ƙasa-ƙasa. Ya ce, "Kwana na Allah ne. Itacen fa, wa ya ɗora? Ka ci ladan kuturu, ka ƙi yi masa aski. Ba ya magana, amma akwai ranar da za a tambaye ka."

Ranar bai ci tuwo ba. Ya ce mini da cuta ce ta kayar da jakin, da shi ya yi barci. Abin da ya tsaya masa a rai shi ne, ciwon ya riga ya juya, hutu kawai ya rage, kuma hutu ba a sayensa.

Kasuwa ba ta zagayo sau biyu ba sai ga Tanko da sabon jaki, wai a duba masa haƙora. Na ajiye almakashi ina jiran a kore shi. Yaya ya kalli Tanko, sannan ya miƙe ya buɗe bakin jakin. Da na yi masa ƙorafi daga baya, sai ya ce, "Jakin bai yi mini laifi ba."

Yau da zai leƙo, me zai ce? Magani ya yi yawa, a faranti ake tallansa ranar kasuwa, kowa likitan akuyarsa ne. Amma har yanzu ba a kawo dabba sai ta kasa tashi, sannan a ce likita bai iya ba. Jakin da ya ciyar da gonakin nan da taki kuwa, an koma sayensa don fatarsa. Babur ya zo, mun manta da wanda ya ɗauke mu kafin a yi titi. Ina jin Yaya ba zai yi mamaki ba, ransa ne kawai zai ɓaci, ya nemi ruwan gishiri.

Ba a sa wa ko rumfa sunansa ba, kuma ban ga halin mutane ya sauya saboda shi ba. Ba zan yi wa jikokinsa ƙarya ba. Abin da ya bari shi ne wannan haushin, kuma ni na gaje shi. Da sandata nake tare mai jaki a hanya in ce ya rage kaya, yara suna cewa tsoho ya rikice. Su yi ta faɗa. Allah ya ji ƙan Yaya Habu, ya yi masa irin sassaucin da ya yi ta nema wa marasa baki.