Shekarar da Muka Samu Gini Muka Rasa Malami

Shekarun baya, zamanin da kuɗin mai suka fara zuba a ƙasar nan kamar ruwan marka, muna da wata 'yar makaranta a unguwarmu a Wudil. Ba ta gwamnati ba ce, ba kuma ta wani mai hali ba. Wani tsohon malaminmu ne ya kafa ta a filin da ke jikin gidansa, ɗakuna biyu na ƙasa da rumfar kara. Da safe ake karatu. Ana koyar da Alƙur'ani da fiƙihu da Larabci, a haɗa wa yara da karatun boko da lissafi, don burin Malam shi ne yaro ya tashi da duka biyun, kada ya kama ɗaya ya saki ɗaya. Iyaye na ba da ɗan kuɗin wata, da shi ake sallamar malamai uku. Ɗaya daga cikinsu abokina ne tun na ƙuruciya. Tare muka koyi iyo a kogi, tare kuma muka sha bulala a kansa.

Ni a lokacin ƙaramin ma'aikaci ne a ofishin gona. Da gwamnati ta yi ƙarin albashin nan da har yau tsofaffi ke ba da labarinsa, sai na sayi babur da rediyo da wani wando mai faɗin ƙafa, wanda in ina tafiya yake share mini hanya. Saboda rubutuna na da kyau kuma bakina ba ya mutuwa, aka naɗa ni sakataren kwamitin makarantar. Ko sisi babu a cikin muƙamin, amma yadda nake ɗaga kafaɗa sai ka rantse hakimi aka ba ni.

Abin da ya zame wa ma'aikata daɗi, shi ya zame wa makarantarmu ciwo. Kaya suka yi tashin gwauron zabo a kasuwa. Manoma kuwa, waɗanda su ne iyayen yaranmu, ba su gama farfaɗowa daga fari ba sai ga wata cuta ta faɗa wa gyaɗa, ganye ya nannaɗe, aka tono aka tarar ba komai. Kuɗin wata ya daina shigowa. Ana cikin haka gwamnati ta shiga buɗe firamare ta kyauta a kowane lungu, tana neman malamai ido rufe. Malamanmu biyu suka zo suka durƙusa gaban Malam suka yi sallama. Ba wanda ya ga laifinsu. Aka bar abokina shi kaɗai da aji uku, ya ba waɗannan rubutu ya ruga ya biya wa waɗancan, kafin azahar muryarsa ta dishe.

Muka zauna taron kwamiti a zauren Malam. Wani ya kawo shawarar a ƙara kuɗin wata don a iya ɗaukar sabon malami. Malam, yana jan carbi, ya ce, "Wa za ku ƙara wa? Manomin ƙauyen Kausani da ya tono gyaɗarsa ya tarar da kwanso? In kuka ƙara, 'ya'ya mata za a fara cirewa, sai marayu su bi baya. Ina raye ba za a yi ba."

Da aka rasa mafita, sai aka tsaya a kan a kira taron gidauniya.

Ranar taron mun aro kujeru da tabarmi da lasifika, kuma ba sai na gaya muku wanda ya riƙe lasifikar ba. Jama'a suka taru fiye da zatonmu. Wannan ya kawo damin dawa, wancan ya jawo akuya, masunta suka haɗa nasu, mata suka aiko daga cikin gidaje. Can sai ga wata doguwar mota ta tsaya. Wani Alhaji ne ɗan garinmu da ya koma birni yana kwangila, Allah ya buɗa masa. Ya miƙe ya ce shi ya ɗauki nauyin gina azuzuwa biyu na bulo da rufin kwano. Wuri ya ɗauki kabbara. Ni kuwa na yi ta maimaitawa a lasifika har sai da Malam ya aiko a ce mini ya isa haka.

Da zai tafi na raka shi bakin mota. Na ce, "Alhaji, Allah ya ƙara arziki. Ko za a ɗan tsakura wani abu daga ciki saboda malamai? Mutum ɗaya ya rage mana."

Ya dafa kafaɗata ya ce, "Ɗana, albashi ciki yake shiga ya wuce. Ni abin da zan tarar a kabarina nake nema. Gini zai fi ni daɗewa. Malamai kuma ai kwa samu."

Ba mugun mutum ba ne, kuma ya cika alkawarinsa har ƙusa ta ƙarshe. Sai dai gini yana da ciki irin nasa. Alhaji ya ba da bulo da kwano, amma ƙofofi da tagogi da bencina suna kanmu. Akuyoyin da aka tara suka tafi wajen kafinta. Dawar da muka yi niyyar kai wa abokina, ita aka riƙa tuƙa wa magina tuwo. Kullum da yamma mukan tsaya mu kalli bango yana tashi muna murna, shi ma abokina yana cikinmu yana murna. In an tambaye shi gida sai ya ce, "Alhamdu lillahi, ana lallaɓawa."

Wata ranar Asabar na dawo daga wajen ginin, na shiga gaida mahaifiyata. Na tarar da dillaliya ta baje kaya a tsakar gida, tasoshi da kwalla da wata babbar fanteka mai zanen fure. Mahaifiyata ba ta taya komai ba. Ta sallami matar, ta jira har ta fita, sannan ta juyo gare ni.

"Kai, ka gane kayan can?"

Na ce, "A'a, Inna."

"Ni na gane su, don da hannuna na jera su ranar da aka kai yarinyar nan ɗakinta. Kayan matar abokinka ne. Wannan ne zuwan dillaliyar na biyu da su." Ta ƙara da cewa, "Kuna can kuna auna tsawon bango, matar malaminku tana sayar da kayan ɗakinta su ci tuwo. Mace ba ta rabuwa da kwanon aurenta sai wuya ta kai wuya."

Ban iya cin abincin da ta ajiye mini ba. Na fita na nufi gidan abokina, ban ko hau babur ɗin ba, don a ranar kunyarsa nake ji.

Na same shi a zaure yana ɗinke wani littafin yara da ya yage. Muka gaisa kamar kullum, gida, iyali, gajiya. Sai na ce, "Mutumina, na ga kayan ɗakin iyalinka a hannun dillaliya."

Allurar ta tsaya a hannunsa. Ashe bai sani ba. Matar ta ɓoye masa, tana ce masa daga gidansu ake aiko mata da hatsi. Ya sunkuyar da kai. Da ya ɗago idanunsa sun yi ja.

Ya ce, "Tun kafin damina aka neme ni aikin firamare. Na ce su dakata."

"Me ka tsaya jira?"

"In na tafi, wa zai tsaya gaban yaran nan? Kuma da wane ido zan kalli Malam? Shi ya koya mini alif."

Na ce, "Tashi mu je wurinsa tare. In bakinka ya yi nauyi, nawa ba ya yi."

Muka sami Malam bayan la'asar. Ni na yi bayanin duka, ban rage komai ba, har da zancen fanteka. Tun da nake ban taɓa ganin hawayen Malam ba sai ranar. Ya bar su suna bin gemunsa bai share ba. Abokina ya matsa ya ce, "Allah ya gafarta Malam, in ka ce in zauna, zan zauna."

Malam ya girgiza kai. "Ba zan ce ba. Ni na kamata in tambaya, ban tambaya ba, don ina tsoron amsar. Je ka karɓi aikinka. Haƙƙin iyalinka yana gaba da na 'ya'yan mutane. Allah ya yi maka albarka."

Aka tura shi firamaren ƙauyen Lajawa.

Satin da ya fara aiki can, a satin aka gama ginin. An shafe shi da farar ƙasa, kwano na ƙyalli tun daga bakin titi kana hango shi, bencina sababbi suna ƙamshin katako. Yara suka zo da safe suka zauna a jere, suna kallon allo, babu mai tsayawa a gabansa. Malam ya gwada riƙe su da kansa, amma ƙafa da ido sun riga sun gaza. Ni da sauran 'yan kwamiti duk muna wajen neman abinci da safe. Muka nemi malami har cikin birni, duk wanda ya ji abin da za mu iya biya sai ya yi murmushi ya ce zai yi shawara. A hankali iyaye suka kwashe 'ya'yansu suka kai firamare. Muka sa kwaɗo a sababbin ƙofofin. Awaki suka mai da barandar wurin hutawarsu. Na koma zagayawa ta wata hanya in zan tafi ofis, don kada in gani.

Bayan an yi girbi, wata rana da yamma ina dawowa, sai na ji muryoyin yara suna biya karatu daga wajen makarantar. Na juya babur na nufi can. Keke na gani jingine da bango, sabo, duk ya yi buɗu-buɗu. Abokina na zaune a baranda da 'yan yara da ba su kai goma ba, don ba shi da mabuɗin aji.

Na ce, "Kai kuma fa?"

Ya ce, "Da azahar muke tashi a can. Na karɓi rancen keke. Na biyo ta nan na gan su suna wasan langa, na ce su zo mu tuna abin da muka bari." Ya yi 'yar dariya. "Gwamnati ta ɗauke mini tuwo. Yamma kuma tawa ce, ba wanda ya saya."

A ranar muka koma wurin Malam da shawarar a mai da makarantar ta yamma. Yara su je firamare da safe su yi boko, bayan azahar su zo nan. Na ga abin ya yi masa nauyi, don makarantar da ya yi mafarki ke nan ta tafi, wadda za ta haɗa karatun biyu a ƙarƙashin rufi ɗaya. Ya ce, "Ba haka na so ba. Amma guntun gatarinka ya fi sari ka ba ni. Ku buɗe." Ya ciro mabuɗin daga aljihunsa ya miƙa wa abokina.

Kafin azumi azuzuwan sun cika. Malaman nan biyu da suka fara tafiya suka dawo suna ba da yammacinsu kyauta. Wani tela ya ɗauki aji ɗaya ranakun da ba kasuwa. Ni aka ba ni ƙananan, masu alif da ba, kuma a nan na gane riƙe lasifika ya fi riƙe yara sauƙi nesa ba kusa ba. Kuɗin wata muka bar shi yadda yake, wanda bai da shi ba a kore shi. Muka kuma yi doka a kwamiti, duk abin da ya shigo, hatsi ne ko dabba, sai an fitar da rabon masu koyarwa kafin a sayi ko ƙusa. Malam bai daɗe ba bayan haka ya rasu, amma ya ga yara sun dawo.

Abokina ya yi shekaru yana wannan zirga-zirga, rana da ruwa, daga Lajawa zuwa Wudil, wani lokaci ya iso jiƙe sharkaf ya matse bakin riga ya shiga aji. Ko da aka dawo da shi cikin gari bai fasa ba, har ya yi ritaya, har ƙafa ta hana shi.

Yanzu in na zauna ina tunani, ba na ganin mugu a labarin nan. Alhaji ya yi don Allah, Malam ya yi don Allah, mu ma haka. Abin da ya same mu shi ne, bango kowa na ganinsa, yunwar mai kunya kuwa ba ta da murya. Mutumin da ya fi kowa cewa "ba komai", shi ya fi cancanta a leƙa tukunyarsa. Har gobe in na ji ana shelar gidauniyar gina makaranta, nakan yi addu'a Allah ya sa akwai wanda ya tuna da mai tsayawa gaban allo.

A ciwonsa na ƙarshe na je duba shi. Ya rame ƙwarai, magana sai a hankali. Na zauna bakin gadonsa muna ɗan taɓa hira, sai ya ce, "Wa ke riƙe da ajin manya yanzu?"

Na gaya masa wani matashi ne cikin ɗalibansa na da.

"Yana da iyali?"

"Yana da mata da 'ya'ya biyu."

"Ana biyansa?"

"Ana biyansa."

Ya kama hannuna ya riƙe, ya dube ni sosai. "Kada ka tambaye shi. Zai ce maka lafiya lau. Ka tura iyalinka su shiga gidan su gani."

Na ce to. Washegari na tura. Shi kuwa bai kai Juma'a ba. Allah ya jiƙansa, ya sa ya tarar da abin da ya shuka.