Atishawar Kansila

Cikin shekarun da na yi ina aikin nas a wani ƙaramin asibiti a Kakuri, ranar da ba ta fita raina ita ce wadda aka kawo mana sabon kansila, a ƙarshen daminar shekarar da soja suka miƙa mulki, 1999.

Alhaji Sabo ya shigo ido jawur, hanci na zuba, atishawa ba ƙaƙƙautawa. A bayansa direbansa ne, Bulus, mutumin kudancin Kaduna, ya yi tsuru-tsuru.

A ƙa'ida nas ke fara auna zafin jiki da hawan jini, ta ɗauki bayani, sannan a shiga wurin likita. Na auna, babu zazzaɓi.

"Sista, ba ciwon asibiti ba ne," in ji shi. "Sammu ne. Na sha maganin mura, na sha na zazzaɓin sauro, a banza. Da na shiga mota zai taso. 'Yan adawa sun haɗa baki da direban nan, yau zan sallame shi."

Da muka shiga, likitarmu, wata dattijuwa mai sanyin magana, ta ce ya zauna.

"Alhaji, ina kake zuwa a motar?"

"Gonata, a Kakau."

"Gilas a buɗe?"

"To jama'a ba za su gan ni ba?"

"Ido da maƙogwaro na ƙaiƙayi? Majinar kamar ruwa?"

"Ƙwarai."

"Bara warhaka fa?"

"Na yi. Bara waccan ma na yi. Amma ai lokacin ba ni da abokan gaba!"

Dariya ta ƙwace min, shi ma ya fashe da ita. Likita ta haska cikin hancinsa, ta saurari ƙirji, ta ce babu asma. Ta yi masa bayani cewa jikinsa ne ba ya shiri da garin furen ciyawa, shi ya sa abin ke dawowa duk ƙarshen damina. Ta rubuta ƙwaya da maganin ɗigawa a ido, ta ce ya riƙa rufe gilas, ya wanke fuska in ya dawo daga gona.

"Ƙwayar tana sa barci, kada ka yi tuƙi."

Alhaji ya juya. "Bulus, ka yi haƙuri. Je ka tada mota."

"Ranka ya daɗe, a buɗe gilas ko a rufe?"

"Rufe! Jama'a sa gan ni da rani."

Ku da kuka shigo aikin nan yanzu, kada ku yi wa mara lafiya gardama kan abin da ya yi imani da shi. Ku yi ta tambayarsa a natse: yaushe, a ina, bara fa? Sau da yawa da bakinsa zai gaya muku ciwonsa.