Amanar da Aka Ba Manajan Ƙwallo a Zauren Malam

Shekarun baya, lokacin da kuɗin mai suka shigo har kamfanoni suka fara kafa kulob-kulob, ni ne dogon da ya fi kowa jefa ƙwallon kwando a makarantarmu. A garinmu Kusada kuwa tsawon nan ba abin da ya taɓa jawo mini sai tsokana da aiken ciro kaya daga rumbu.

Wata Laraba manajan kulob ɗin wani kamfani a Kano ya zo har zauren mahaifina, Malam. Ya tuɓe takalmi tun daga waje, ya durƙusa, ya ajiye goro. Ya ce wasa zan yi musu, su kuma su ba ni aikin dindindin a ofis. Aikin nan nake so, don ƙwallo ba ta tsufa da mutum.

Malam ya ce, "Na ba ka shi amana." Aka shafa fatiha. Sai manaja ya zaro takardar kwantiragi.

Malam ya ce, "Mi za a yi da takarda bayan fatiha? Ko ba ka yarda da mu ba ne?"

Wallahi ina kallo ya mayar da ita aljihu da sauri, har da murmushi. Ni kuma gogan naku ina rakuɓe, kaina a ƙasa, wai kunya.

Bayan sati wani kulob na Kaduna ya aiko da tasa takardar, da aikin a rubuce. Na roƙi kawuna ya sa baki. Malam ya ce magana ɗaya ce, ba a ba da abu sau biyu.

Wata bakwai na yi a Kano ina ci musu wasa, aiki kullum sai an ce gobe. Sannan raɗe-raɗi ya fara yawo cewa za a yi musaya da ni. Daga bakin direban kulob ɗinmu na ji tabbas: an miƙa ni ga wani kulob a kudu, an karɓo 'yan wasa biyu. Ko akuya a kasuwar Kankia ana duba lafiyarta kafin a sallama, ni ko tambayata ba a yi ba.

Na shiga ofishin manaja. "Ranka ya daɗe, ina amanar da Malam ya ba ka?"

Bai ko ɗago ba. "Ina takardarka?"

Na ƙi zuwa kudun, na hau mota na dawo gida. Da na gama ba Malam labari, sai ya sallami ɗalibansa, ya ce, "Ni na cuce ka. Ka yafe mini."

Daga baya na samu koyarwa a Rimaye, na yi rayuwata lafiya lau. Aikin da manaja ya hana ni na yafe masa tuntuni. Amma mutumin nan ya sa dattijo mai furfura ya sunkuyar da kai ya roƙi ɗan cikinsa gafara. Wannan kam sai mun tsaya gaban Allah.